Mamacin da Ya Zo Karɓar Irinsa

Ranar da Waliyyu ya je ɗakin ajiyar ƙungiyar manoman albasa a Aliero don ya ɗauko irin mahaifinsa, gurbin gwangwanin kawai ya tarar. Sauran gwangwanayen jama'a suna nan jere a kan katako, kowanne da murfinsa a liƙe. Na Malam Junaidu ne kaɗai babu.

Ba ƙaramin abu ne ya ɓata ba. Malam Junaidu na Jiga Makera ya ƙare rayuwarsa tsakanin karantar da yara da zaɓen albasa. Kowace shekara yakan ware kawunan da suka fi ja da tauri, waɗanda ke kaiwa damina ba su ruɓe ba, ya bar su su yi fure, ya tara irin. Haka ya gada daga mahaifinsa. Irin albasa kuwa ba ya jiran kowa. In shekara ta zagayo ba a zuba shi a ƙasa ba, a cikin gwangwani zai mutu. Malam ya rasu tsakiyar damina, ga shi ruwa ya fara janyewa, kowa yana gyaran wurin reno.

Waliyyu ya hau mota zuwa ofishin ƙungiya na Jega. Ridwan, magatakardan ofishin, ya buɗe kwamfuta, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juya masa allon. An rubuta cewa mai ajiya ya karɓi kayansa da kansa. Kwanan watan kuwa ranar addu'ar bakwai ɗin Malam ce.

Kafin la'asar magana ta cika Aliero. Wasu suka ce Ɗantani, tsohon da ke tsaron ɗakin tun kafuwar ƙungiya, shi ya sayar da irin ya haɗa baki da wani aka rubuta ƙarya. Wasu kuma suka rage murya, suka ce ai Malam ba mutumin banza ba ne, wa ya san abin da Allah ke ba bayinsa. Mata suka hana yara bin hanyar ɗakin. Waliyyu ya ce 'yan sanda za su raba gardama. Alhaji Ummaru, shugaban ƙungiya, ya roƙe shi ya dakata, ya karɓe mabuɗi daga hannun Ɗantani; da makonni suka wuce ba a gano komai ba, ya aika Jega a kira Safiyanu.

* * *

Safiyanu ɗan mai bin sawu ne. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa daji in an sace shanu, har ya iya bambanta sawun saniyar da ake kora da wadda ke tafiya don kanta. Da ɓarayi suka koma loda dabbobi a mota, sana'ar ta mutu a hannunsa. Ya buɗe rumfar gyaran waya a Jega, ya sayi tsohuwar kwamfuta a wajen wani ɗalibi, ya yi ta fama da ita shi kaɗai har ta fara amsa masa. Mutum ne mara yawan magana, kuma bai taɓa jin daɗin kama ɓarawo ba. Yakan ce duk sawun da ya bi, a ƙarshensa akwai gidan da ake dafa tuwo.

Ya fara da ƙasa, kamar yadda ya saba, amma ruwan sama ya daɗe da shafe komai. Ƙofar ba a ɓalle ta ba. Ɗantani yana zaune a gindin dogonyaro yana fuskantar ɗakin, ko da yake an karɓe masa mabuɗi. Mai shayin da ke kusa ya ce kullum haka yake wuni, ya daina cin abinci, ya daina shiga sahun gaba a masallaci. Rigarsa ta yi masa yawa.

Safiyanu ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi ranar addu'ar. Tsohon ya ce ya kulle ɗakin da hantsi, ya rataye mabuɗin a ƙusar da ke cikin kogon itacen nan, ya tafi Jiga Makera tare da jama'a. Haka yake yi duk ranar biki ko rasuwa, saboda kada mai buƙatar gaggawa ya rasa kayansa, kuma duk ɗan ƙungiya ya san wurin.

"Baba Ɗantani, kai mi kake gani?"

Tsohon bai ɗauke ido daga ƙofar ba. "In na zauna nan, ina jin murahun gwangwanaye na motsi ciki. In Malam na ya zo, ai kayanshi ya ɗauka, ban da ta cewa. Abin da ke hana ni barci, mi na yi mashi da bai jira ni in buɗe mashi ba?"

Safiyanu ya tashi. Ya ga mutanen da zargi ya karya, amma bai taɓa ganin wanda zargin rayayyu da na matattu suka haɗu a kansa ba.

* * *

Mai shayi ne ya tsegunta masa cewa an ga Waliyyu da wani ɗan kasuwa a Jega suna cinikin irin tun kafin a kwashe tabarmin zaman makoki. Safiyanu ya same shi a tasha yana ƙarƙashin babbar motar da yake tuƙi. Waliyyu ya fito yana goge baƙin mai, bai musa ba. Ya ce shi direba ne, bai san reno ba, bai san dashe ba, kuma ba zai bar irin ya mutu a gwangwani don mutane su yaba masa ba.

"To in sayarwa zan yi, don mi zan saci abin da ke nawa? Kai da anka ce kana da basira, Malam Safiyanu, ko basirar ta shanu ce kaɗai?"

Safiyanu ya yarda maganar tana da kai.

Sai Ridwan. Shi ma an sa masa ido don ya yi sabon babur. Yana ta zufa yana rantsuwa cewa surukinsa ne ya ba shi aro. Ya ce shi da kansa ya rufe sunan Malam a kwamfuta washegarin jana'iza, kuma in an rufe sunan mutum, na'ura ba ta yarda a fitar masa da komai. Magatakarda biyu ne ƙungiya ke da su, shi a Jega, da wata yarinya Iklima a ofishin Maiyama, kuma kalmar sirri ɗaya suke shiga da ita, don Alhaji ya ce ba ya son abin da za a manta. Na'ura ba za ta iya cewa wane ne ya rubuta ba.

Safiyanu ya ce ba ya son allon nan mai launi da hotunan albasa. Ya nemi a kwafa masa rumbun bayanan gaba ɗaya.

* * *

A rumfarsa, bayan azahar, ya sauke labule ya buɗe baƙin allo. Babu hoto, babu maɓallin dannawa, sai 'yar alama tana ƙiftawa tana jiran umarni. Ya buɗe rumbun ta hanyar da za a iya karatu kawai ba a iya canza komai, don mahaifinsa ya koya masa a gefen sawu ake tafiya, ba a kansa ba.

Ya rubuta umarni na farko, ya ce a jera masa teburorin bayanan da ke ciki. Uku ne suka shafe shi: mutane, ajiya, fitarwa. A teburin mutane ne kaɗai ake rubuta suna da ƙauye da lambar waya, kowane mutum da lambarsa. Sauran teburorin ba su san suna ba, lamba kawai suke riƙewa, kuma kowace lamba tana nuna wani layi a wani tebur, kamar yadda sawu ke nuna inda na gaba yake. Allon ofis shi ke haɗa su ya nuna wa magatakarda abin da aka koya masa ya nuna. Safiyanu yana son ya haɗa da hannunsa.

Ya nemo layin Malam. Yana nan, da alamar rasuwa, kamar yadda Ridwan ya faɗa. Ya nemo ajiyarsa. Sannan ya ce a nuna masa fitarwar da ta taɓa wannan ajiya. Layi ɗaya ya fito, fari a kan baƙi, da kwanan watan addu'ar bakwai. Ya daɗe yana kallonsa. Iska ta ɗaga labulen ta sake shi, ya yi a'uziyya.

Sai ya lura lambar mai karɓa ba ta Malam ba ce.

Ya ɗaura teburin fitarwa da na mutane ta wannan lamba, ya danna. Wani layi ne dabam, sabo, an buɗe shi a ranar. Ƙauye Jiga Makera, lambar waya ta Malam. Nan ya gane dabarar: da na'ura ta ƙi fitar wa mamaci kaya, sai aka ƙirƙiro mata wani mai rai da wayar mamacin, allon ofis kuwa da ya ga waya ɗaya sai ya ce mai ajiya ne da kansa. A gurbin suna ba a rubuta Junaidu ba. An rubuta: Mai sunan Baba.

Safiyanu ya jingina da bango. Ba Waliyyu ba ne. Ɗa ba ya ce wa ubansa mai sunan Baba. Wannan hannun wani ne da mahaifinsa ma Junaidu ne, wanda kunya ba ta barinsa ya ambaci sunan ko a kan wani. Ya sake rubuta umarni, ya ce a fito masa da duk wanda aka taɓa rubuta wa wannan suna. Wasu layuka suka sauko, tsofaffi, tun shekarun baya. Dukkansu ƙauyukan wajen Maiyama ne.

* * *

Da safe ya hau babur. Sawu a kwamfuta ba ya zama shaida a wurinsa sai ya taka ƙasar da ya nuna. Manomi na farko da ya nema ya same shi yana gyaran injin ban-ruwa. Bayan gaisuwa ya tambayi sunansa na yanka. Junaidu. Na biyu, wani mai fara'a da haƙorin Makka, shi ma Junaidu. Da Safiyanu ya gaya masa yadda aka rubuta shi a ƙungiya, sai mutumin ya yi dariya har da buga cinya.

"Aikin Iklima na! Ɗiyar marigayi Junaidu mai awo. Tun da ubanta ya rasu ba ta ƙara hurta sunan ba. Na ce mata, ɗiyata, ranar da anka zo rabon taki ana kiran Junaidu, ni in tsaya ina kallo? Sai ta rufe fuska."

Safiyanu bai yi dariya ba. Ya bi ta ƙofar ofishin Maiyama a hankali. Ta taga ya hango yarinyar, siririya, cikin hijabi ruwan toka, tana yi wa wata tsohuwa bayani da haƙuri. Bai shiga ba. A hanyar dawowa ya tsaya a gefen titi ya kashe babur. Tarbiyyar da iyayenta suka ba ta ita ce ta tona ta, shi kuma zai ɗauki wannan tarbiyya ya mai da ita igiya. Ya yi tunanin ya ce wa Alhaji sawu ya ɓace. Sai fuskar Ɗantani ta faɗo masa, ya tayar da babur.

* * *

A zauren Malam aka taru bayan la'asar, saboda Inna Dije, matar marigayin, tana takaba ba ta fita. Ta zauna bayan labulen ƙofar ciki. Allunan yara suna jingine da bango, buzun Malam yana shimfiɗe inda ya bar shi, ba wanda ya matsa kusa. Alhaji Ummaru ya zauna a tsakiya, Waliyyu da Ridwan a dama, Ɗantani a bakin ƙofa kamar baƙo. Iklima ta rakuɓe kusa da labule.

Safiyanu bai buɗe kwamfuta ba. Ya bayyana musu a taƙaice cewa ba Malam ne ya karɓa ba, wani ne ya buɗe sabon layi da wayarsa. Sannan ya ce yana da tambaya ɗaya, kowa ya amsa: mene ne sunan mai gidan nan?

Waliyyu ya ɓata fuska ya ce Baba. Ridwan ya ce Malam Junaidu, Allah ya jiƙansa. Alhaji da Ɗantani suka faɗi haka.

"Malama Iklima?"

Tana iya cewa Malam kawai ta wuce, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Ta ɗago ta dubi Safiyanu, ta ga ya riga ya je inda za shi.

"Mai sunan Baba," ta ce. "Ni na ɗauka."

Ta yi bayani kanta a ƙasa. Ta ce kafin ciwon Malam ya tsananta ya zo Maiyama gaisuwar wata rasuwa, ya biya ofis ya huta. Ya ce mata ya san ɗansa ba manomi ba ne, yana tsoron irin ya bar ƙasar nan a bayan mota. In ta Allah ta kasance, ta ga an zuba shi. Da ta zo addu'ar bakwai ta ji ana raɗe-raɗin ciniki, sai ta fita da wuri, ta bi ta Aliero, ta ɗauki mabuɗi a kogon itace. Da ta koma ofis ta kasa barin abin babu rubutu, don kada ya zama sata, don kuma kada a tuhumi Baba Ɗantani. Ba ta tuna na'ura na buga kwanan wata da kanta ba. Irin yana wurin renon mahaifiyarta, ya tsiro, ya kusa isa dashe.

Waliyyu ya miƙe tsaye. "Wa ya ji sa'adda ya gaya maki?"

"Babu kowa."

Ya juya ga Safiyanu. "Na'urarka ta nuna Baba ya faɗi haka?"

"Abin da anka rubuta take nunawa. Wanga ba a rubuta ba."

Alhaji ya ɗaga murya kaɗan ya tambayi Inna Dije ko Malam ya taɓa yi mata zancen. Sannan muryarta ta fito, ta ce bai gaya mata ba, amma abubuwan da bai gaya mata ba suna da yawa. Ta ce irin tunda ya shiga ƙasa kada kowa ya tumɓuke shi. In ya isa dashe a kawo gonar Malam, ita da ɗanta za su yi maganarsu a cikin gida. Ba ta ce ta yarda da yarinyar ba, ba ta ce ta ƙaryata ta ba. Duk suka sami kansu suna kallon buzun, kamar mai shi zai gyara zama ya raba musu gardama.

Waliyyu ya juya. Sannan ya taka zuwa bakin ƙofa ya durƙusa gaban Ɗantani ya nemi gafara. Tsohon ya dafa kansa ya ce ya yafe. Alhaji ya ce gobe a masallaci zai sanar da jama'a da bakinsa, Ɗantani ya koma bakin aikinsa da safe.

Ɗantani ya girgiza kai.

"Alhaji, da Malam na ya zo, da na koma. Mamaci bai ba ni tsoro, tare munka tashi." Ya juya wajen labule, muryarsa ba ta tashi ba. "Ke ɗiyata, duk makon duniya kina biyowa ki gaishe ni, har hura kike kawo man. Kina kallona ina ƙarewa, kina tambayata ya jiki."

Iklima ta ce ta yi ta niyyar faɗa, kullum sai ta ce bari irin ya ƙara ƙwari. Kuka ya ci ƙarfinta. Tsohon ya ce ita ma ya yafe mata, kuma da gaske yake. Amma ya ce ɗakin da zai zauna yana duban fuskar duk mai gaishe shi yana tunani, ba ɗakinsa ba ne kuma. Yana da ɗiya a Fagada, ta daɗe tana kiransa. Ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Safiyanu godiya, ya lalubi takalmansa.

Safiyanu ya fito bayansa. An yi yayyafi suna ciki, ƙasa ta yi laushi. Tsohon ya riga ya sha kwana, sai sawunsa a kan hanya, ƙafar dama tana ja, sandar tana nitsewa fiye da yadda ya kamata ga mutum mara nauyi haka. Safiyanu ya karanta shi tun daga bakin zaure har inda ido ya tsaya. Babu wurin da ya dakata, babu wurin da ya waiwayo.